Yadda ake karanta sakamakon nazarin rarrabewa idan ana kasa kwastomomi rukuni-rukuni

Duk wanda ya taɓa sa kwamfuta ta yi masa nazarin rarrabewa, wanda masana ƙididdiga ke kira diskiriminan, ya san danna maɓalli ba shi ne aikin ba. Cikin daƙiƙa biyu manhajar ƙididdiga ta SPSS za ta zubo maka tebura fiye da goma, takwararta R kuma ta ba ka 'yan layuka ta yi shiru, ka rasa ta inda za ka kama. Yawancin mutane idonsu kan ƙimar p yake fara sauka, wato lambar da idan ta yi ƙanƙanta take nuna da wuya sa'a kawai ta ba da sakamakon, su ga 0.000, su rufe fayil su ce aiki ya yi kyau. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da mai kasuwa ke jira ka gaya masa shi ne: idan sabon kwastoma ya shigo gobe, sau nawa wannan lissafi zai faɗi rukuninsa daidai, kuma idan ya kuskure, a kan wa yake kuskurewa?

Dabarar ta daɗe. Ronald Fisher ne ya fito da ita a Ingila a 1936, ya gwada ta a kan furen airis, inda tsawo da faɗin sassan fure suka isa a gane jinsinsa. C. R. Rao ya faɗaɗa ta zuwa rukunoni da yawa a 1948. Ba ta jima a hannun masu furanni ba ta shiga kasuwa: David Durand ya yi amfani da ita a Amurka a 1941 wajen bambanta rancen da ake biya da wanda ake cinyewa, Edward Altman kuma a 1968 ya ɗauki kamfanoni 66, rabinsu sun karye rabi suna tsaye, ya fitar da makin da har yau ake auna haɗarin karyewar kamfani da shi.

Abin da take yi mai sauƙin faɗa ne. Kana da kwastomomin da ka riga ka san rukunin kowannensu, kana kuma da wasu siffofinsu da aka auna da lamba. Kwamfuta za ta nemo nauyin da za ta ɗora wa kowace siffa, ta yadda idan aka ninka aka tara, makin da zai fito zai nisanta rukunonin da juna iyakar yadda zai yiwu, ya kuma matso da 'yan rukuni ɗaya kusa da juna. Wannan haɗin nauye-nauye shi zan riƙa kira sikeli. Kowane kwastoma ya hau sikeli, ya sauko da maki.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, mu ƙaddara wani kamfani mai sayar da kaya ta intanet yana da kwastomomi 300. Lambobin da za ka gani ni na ƙaga su don koyarwa, amma na daidaita su yadda suke tafiya da juna, kana iya bin lissafin da kanka. Rukunoni uku ne: masu ɗorewa mutum 150, masu leƙowa jefi-jefi mutum 90, da waɗanda suka daina zuwa mutum 60. Siffofi huɗu ne: yawan sayayya, matsakaicin abin da mutum ke kashewa a kowane saye, kwanakin da suka wuce tun sayensa na ƙarshe, da yawan koken da ya shigar.

Mataki na farko: kafin ka kalli tebur ko ɗaya

Ka tambayi kanka yaushe aka auna siffofin, kuma yaushe aka yanke rukunin. A misalinmu an auna siffofin a watanni shida na farko, an kuma duba abin da mutum ya zama a watanni shida na biyu. Haka ya kamata. Siffa ta riga rukuni zuwa, in ba haka ba kana duban abin da ya riga ya faru ne kana kiransa hasashe.

Na taɓa faɗawa wannan rami. Wani kamfani ya ba ni bayanan kwastomominsa, na yi nazari, sakamako ya fito kusan ba kuskure. Na yi ta murna har na fara rubuta rahoto. Sai da na tambayi wanda ya haɗa bayanan yadda suke gane mutum ya daina zuwa, ya ce duk wanda ya yi wata uku bai saya ba, sunansa ya tafi. Ni kuma ga kwanaki tun sayen ƙarshe a cikin siffofina, an auna su a rana ɗaya da aka yanke rukunin. Ashe amsar na miƙa wa kwamfuta ta maido mini. Tun daga ranar, sakamakon da ya cika kyau ba ya sa ni murna, bincike yake sa ni. Ruwa ba ya tsami banza.

A nan kuma za ka duba yawan mutane. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kimanin mutum 20 ga kowace siffa, kuma rukuni mafi ƙanƙanta ya fi siffofin yawa nesa ba kusa ba. Mu muna da 300 ga siffofi huɗu, ƙaramin rukuninmu 60, babu damuwa. Ka duba teburin farko da ke nuna mutum nawa aka yi aiki da su, domin SPSS tana zubar da duk wanda ya rasa ko da siffa ɗaya. Kana iya shiga da 300 ka fito da 210 ba ka sani ba.

Mataki na biyu: matsakaitan rukunoni

Kafin lissafi mai zurfi, kalli matsakaicin kowace siffa a kowane rukuni da idonka. Idan masu ɗorewa da waɗanda suka tafi kusan abu ɗaya suke kashewa, babu dabarar da za ta ƙirƙiro bambanci a wurin.

Teburin da ke biye yana ba kowace siffa lamba da ake kira lamdar Wilks, sunan Samuel Wilks da ya fito da ita a 1932. Tana tsakanin 0 da 1, kuma a juye ake karanta ta: ƙarama ita ce mai kyau. Idan ta kusa 1, siffar ba ta raba rukunonin. A wurinmu yawan sayayya ya sami 0.52, kwanaki tun sayen ƙarshe 0.63, abin da ake kashewa 0.73, koke 0.87. Wato yawan sayayya ne ja-gaba, koke ne a baya. Sai dai kada ka yi saurin korar koke. Wannan tebur kowace siffa ita kaɗai yake aunawa, kuma za ka ga a gaba cewa akwai wurin da koke kaɗai ke da abin cewa.

Ka leƙa teburin dangantakar siffofin da junansu. Biyu da suka kai 0.8 ko 0.9 kusan abu ɗaya suke faɗa, kuma za su rikita maka nauye-nauye. Ka zaɓi ɗaya.

Mataki na uku: gwajin Box

Nazarin yana zaton yadda siffofi suka bazu, da yadda suke tafiya da juna, iri ɗaya ne a duk rukunonin. Gwajin M na George Box, na 1949, shi ke duba wannan zato. A nan so kake ƙimar p ta yi girma. Amma gwajin mai saurin fushi ne: bayanai suka yi yawa, ko suka ɗan karkace, sai ya yi ihu. Shi ya sa mutane da yawa ba sa tada hankali sai ƙimar ta faɗi ƙasa da 0.001. Ko ta faɗi, ka duba lambobin bazuwar kowane rukuni da ke gefensa. Idan sun yi kusa da juna, ci gaba. Idan rukuni ɗaya ya watse sosai ɗaya kuma ya dunƙule, ka umarci kwamfuta ta yi kasafin, wato jefa kowane mutum a rukuni, da bazuwar kowane rukuni daban, ko ka koma ga nau'in nazarin mai lanƙwasasshen iyaka, wanda a R yake cikin kunshin MASS tare da na miƙaƙƙen. Bayanan kuɗi kusan kullum a karkace suke, 'yan tsiraru na kashe abin da ya ninka na saura sau goma, don haka sau da yawa ɗaukar logaridim ɗin siffar kaɗai, wato lissafin da ke matse manyan lambobi, yana kwantar da rigimar.

Mataki na huɗu: sikeli nawa aka samu, nawa ne ke da amfani

Yawan sikelin da za su fito shi ne yawan rukunoni a cire ɗaya, ko yawan siffofi, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Rukuni uku da siffa huɗu, sikeli biyu ke nan. Rukuni biyu kuwa sikeli ɗaya tak, ko siffofinka sun kai hamsin.

Kowane sikeli yana da lambar ƙarfi da ake kira aigenbalu. Ma'anarta: bambancin da ke tsakanin rukunoni a raba shi da bambancin da ke cikin rukunonin. Na farko a wurinmu 1.20, na biyu 0.10. Jimla 1.30, don haka na farko ya ɗauki kashi 92.3 cikin ɗari, na biyu 7.7. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Kashi 92.3 ba ya nufin sikelin yana faɗin gaskiya sau 92 cikin ɗari, ba ya kuma nufin ya bayyana kashi 92 na halin kwastomomi. Rabon gado ne kawai tsakanin sikelin biyu: cikin ƙarfin rarrabewar da aka samu, mai yawa ne ko kaɗan, na farko ne ya kwashi mafi yawa. Idan rukuni biyu ne ma za ka ga 100, ko da sikelin bai san komai ba.

Lambar da ta fi gaya maka gaskiya tana gefe, ita ce dangantakar kanonika. Ana samun ta idan aka raba aigenbalu da kanta a ƙara ɗaya, sannan a ɗauki tushen murabba'i. Na farko: 1.20 a raba da 2.20 ya ba da 0.545, tushensa 0.739. Wannan 0.545 ita za ka riƙe: kusan kashi 55 cikin ɗari na bambancin makin da mutane ke samu a sikeli na farko daga rukuninsu ya fito. Na biyu 0.302, murabba'insa 0.091, kashi 9 kacal.

Sai lamdar Wilks ta sake dawowa, wannan karon ga sikelin. Layin farko yana gwada su biyun a haɗe: 1 a raba da 2.20 sau 1.10, wato 0.413, da kai-sukwaya kimanin 261 a kan darajar 'yanci 8 (lambobi biyun da ake fitar da ƙimar p daga gare su). Layi na biyu yana gwada abin da ya rage bayan an cire na farko: 0.909, kai-sukwaya kimanin 28 a kan darajar 'yanci 3. Dukansu ƙimar p ɗinsu ta gaza 0.001. Lura da abin da ya faru: sikelin da ke da kashi 9 kacal shi ma ya ci jarrabawa. Da mutum 300 ƙaramin bambanci ma yana ci, da mutum 30,000 kuwa ko ƙura tana ci. Ƙimar p tana ce maka ba sa'a ce kawai ba. Ba ta ce abin yana da girma ba. Kuma 0.000 da SPSS ke bugawa ba sifili ba ne, ka rubuta ƙasa da 0.001.

Mataki na biyar: cibiyoyin rukunoni

Ni da kaina nakan tsallako nan kafin in kalli nauye-nauye, domin sai ka san wa ke zaune a ina sannan alamar ƙari da ragi za su yi ma'ana. Cibiya ita ce matsakaicin makin 'yan rukuni a kan sikeli. A na farko, masu ɗorewa suna 1.00, 'yan jefi-jefi suna −0.50, waɗanda suka tafi suna −1.75. Sun jeru kamar matakala. A na biyu, masu ɗorewa 0.13, 'yan jefi-jefi −0.46, waɗanda suka tafi 0.38. Wannan sikeli bai damu da masu ɗorewa ba, aikinsa raba 'yan jefi-jefi da waɗanda suka tafi.

An tsara makin ta yadda bazuwar 'yan kowane rukuni a kewayen cibiyarsu ta zama taki ɗaya. Saboda haka tazarar 2.75 tsakanin masu ɗorewa da waɗanda suka tafi babba ce, da wuya a rikita su. Amma 1.25 tsakanin 'yan jefi-jefi da waɗanda suka tafi gajeriya ce, gefunansu sun shiga juna sosai. Tun daga nan ka riga ka san inda kurakurai za su taru. Idan ka buɗe hoton ɗigo-ɗigon da ke nuna kowane kwastoma a kan sikelin biyu, za ka ga tarin tsakiya ya narke cikin maƙwabtansa ta hagu da dama.

Alamar ƙari ko ragi ba ta da wata tsarki. R tana iya ba ka masu ɗorewa a −1.00 inda SPSS ta ba ka 1.00, duk nauye-nauyen su juye tare. Abu ɗaya ne, kada ka ɓata dare kana neman wanda ya yi kuskure.

Mataki na shida: wace siffa ce ke yin aikin

Tebura biyu ne a nan, kuma sukan yi kamar suna musu da juna. Na farko daidaitattun nauye-nauye ne, wato waɗanda aka mayar kan mudu ɗaya don a iya kwatanta siffofi. A sikeli na farko: yawan sayayya 0.72, abin da ake kashewa 0.04, kwanaki tun sayen ƙarshe −0.45, koke −0.18. Tebur na biyu shi ne teburin alaƙa, wanda ke nuna yadda kowace siffa ke tafiya da makin sikelin: 0.88, 0.55, −0.69, −0.23 a jere ɗaya.

Dubi abin da ake kashewa. A tebur na farko 0.04, kamar ba ya nan. A na biyu 0.55, ba abin rainawa ba. Wanne ne gaskiya? Duka biyun, tambayoyinsu ne suka bambanta. Nauyi yana amsa wannan: idan sauran siffofin suna nan, me wannan ta ƙara? Masu yawan saye su ne dai masu yawan kashewa, don haka da yawan sayayya ya gama magana, abin da ake kashewa ba shi da sabon labari. Alaƙa kuwa tana amsa wannan: shin siffar tana tafiya da abin da sikelin ke aunawa? Tana tafiya. Wanda ya kalli nauyi kaɗai zai je ya gaya wa manaja cewa masu ɗorewa ba su fi kowa kashe kuɗi ba, manaja ya buɗe littafin ciniki ya ƙaryata shi nan take.

Don haka idan suna kake son raɗa wa sikeli, teburin alaƙa za ka bi, ka ɗauki siffofin da suka kai 0.30 ko 0.40 zuwa sama ba tare da duba alama ba. Sikeli na farko: yawan saye, saye kwanan nan, kashewa da ɗan yawa. Ka kira shi ƙarfin hulɗa. A sikeli na biyu koke ya sami 0.95, sauran babu wadda ta wuce 0.30. Wannan sikelin ɓacin rai ne. Haɗa shi da cibiyoyin da ka gani, labari ya fito: 'yan jefi-jefi da waɗanda suka tafi duka hulɗarsu ta yi sanyi, amma na farko shiru kawai suke, na biyu sun yi ƙorafi kafin su juya baya. Siffar nan da ta zo ta ƙarshe a mataki na biyu ita ce ta ba da wannan haske. Idan kuwa rage siffofi kake so don sauƙin tattara bayanai, to teburin nauyi za ka duba, kuma abin da ake kashewa ne zai fara fita.

Akwai tebur na uku na nauye-nauyen da ba a daidaita ba. Wannan na lissafa makin sabon mutum ne, ba na kwatanta siffofi ba, domin kwana da kuɗi da koke ba da mudu ɗaya ake auna su ba. Kuma duk cikin waɗannan babu wanda ya ce koke ne ya kori mutum. Yana yiwuwa wanda ya riga ya yanke shawarar tafiya shi ne ke yawan ƙorafi.

Mataki na bakwai: teburin kasafi

Nan ne kotu. Kwamfuta ta ɗauki kowane kwastoma, ta yi kamar ba ta san rukuninsa ba, ta yi hasashe, sannan a kwatanta da gaskiya.

Cikin masu ɗorewa 150, ta gane 129, ta kai 19 cikin 'yan jefi-jefi, 2 cikin waɗanda suka tafi. Cikin 'yan jefi-jefi 90, ta gane 48, ta ɗauki 29 a matsayin masu ɗorewa, 13 a matsayin waɗanda suka tafi. Cikin waɗanda suka tafi 60, ta gane 39, ta kira 18 'yan jefi-jefi, 3 masu ɗorewa. Jimlar daidai 216 cikin 300, kashi 72 cikin ɗari.

Kada ka kai wannan 72 gaban kowa tukuna. Da waɗannan mutanen aka gina sikelin, a kansu kuma aka gwada shi, kamar ɗalibin da aka yi wa jarrabawa da tambayoyin da ya yi bita da su jiya. Ƙasan teburin akwai sashe na biyu, idan ka nema: a cire mutum ɗaya, a gina sikeli da sauran 299, a yi hasashen wanda aka cire, a mayar da shi a ciro wani, har sau 300. A misalinmu wannan ya ba da 127 da 46 da 37, jimla 210, kashi 70. Wannan ce lambar da za ka faɗa. Tazarar maki biyu tsakaninsu ba komai ba ce. Da 72 ta faɗo 55, da ka san sikelin haddace mutanen ya yi, bai koyi halinsu ba, kuma yawanci siffofi ne suka yi wa bayanan yawa.

To 70 ɗin mai kyau ce? Sai an san abin da makaho zai samu. Wanda bai san komai ba, ya ce kowa mai ɗorewa ne, zai ci kashi 50, tun da rabin mutanen can suke. Wanda ya yi ta cankar rukuni gwargwadon girman kowanne zai ci 0.5 sau 0.5, a tara da 0.3 sau 0.3, a tara da 0.2 sau 0.2, wato kashi 38. Al'adar da aka saba ita ce sikeli ya wuce sa'a da aƙalla rubu'inta: 47.5 idan da 38 ka auna, 62.5 idan da 50. Mun haye duka biyun. Idan kana son gwaji na ƙa'ida, akwai Q na Press: ka ninka waɗanda aka gane da yawan rukunoni, 210 sau 3, 630, ka cire 300, saura 330, ka ninka ta da kanta, 108,900, ka raba da 300 sau 2. Ya ba da 181.5, alhali 6.63 kawai ake bukata a matakin kashi ɗaya cikin ɗari. Shi ma dai yawan mutane na kumbura shi.

Wannan kwatanci ya fi muhimmanci idan rukuni ɗaya ya rinjaya. Kamfanin da kashi 90 na kwastomominsa ba sa tafiya, sikelin da ya ci kashi 90 bai yi komai ba, ƙila ma bai gano ko mutum ɗaya mai shirin tafiya ba.

Yanzu bar jimla ka bi layi-layi. Masu ɗorewa kusan kashi 85, waɗanda suka tafi kusan 62, 'yan jefi-jefi 51. Me ya sa kamfanin ya nemi nazarin tun farko? Idan don ya tare masu shirin tafiya ne, to gaskiyar da za ka faɗa ita ce cikin kowane goma kusan huɗu za su sulale ba a gan su ba. Ka kuma karanta teburin ta tsaye: a kasafin farko mutum 54 aka yi wa lakabin masu tafiya, 39 ne na gaske, 15 ƙararrawar banza. Wannan ita ce lambar da mai kula da kasafin kuɗin talla ke so, domin ita ke gaya masa nawa daga cikin rangwamen da zai raba zai tafi ga wanda dama ba ya da niyyar zuwa ko'ina.

Mataki na takwas: zaton farko, da mutanen kan iyaka

Kafin kwamfuta ta kalli siffar kowa, tana da zaton farko game da yiwuwar kowane rukuni. SPSS, idan ba ka taɓa komai ba, daidai take raba shi tsakanin rukunoni. R da wata manhajar, Python, kuwa gwargwadon girman rukunonin suke ɗauka. Mutum biyu da bayanai iri ɗaya suna iya fitowa da teburin kasafi daban saboda wannan kaɗai. Namu da girman rukuni aka yi: 0.5 da 0.3 da 0.2.

Ɗauki kwastoma guda mai maki −1.2 a sikeli na farko da 0.1 a na biyu. Ana auna nisansa da kowace cibiya da ma'aunin Mahalanobis, masanin Indiya da ya fito da shi a 1936. Murabba'in nisansa da masu ɗorewa 4.84, da 'yan jefi-jefi 0.80, da waɗanda suka tafi 0.38. Ya fi kusa da masu tafiya. Amma da aka sa zaton farko na girman rukuni, yiwuwar ta fito 0.11 da 0.49 da 0.40, aka jefa shi cikin 'yan jefi-jefi. Da an raba zaton daidai, da ta fito 0.06 da 0.42 da 0.52, ya koma cikin masu tafiya. Mutum ɗaya, siffofi ɗaya, lakabi biyu.

Wanne za ka zaɓa? Idan rabon rukunonin a bayananka shi ne rabonsu a kasuwa, girman rukuni ya fi dacewa. Idan da gangan ka ɗebo mutum ɗari-ɗari daga kowane rukuni, girman nan na bogi ne, sai ka shigar da rabon gaskiya da hannunka. Sannan akwai tsadar kuskure, wadda kwamfuta ba ta sani ba sai ka gaya mata. Tura saƙon rangwame ga wanda ba zai tafi ba asara ce kaɗan. Rasa kwastoma ba tare da an ko yi masa magana ba asara ce babba. Idan haka ne, ka ɗaga zaton masu tafiya, ka yarda jimlar daidai ta ɗan sauka, ka kama ƙarin waɗanda kake nema.

Shi ya sa ban cika son miƙa wa sashen talla lakabi tsura ba. Ka adana yiwuwar kowane rukuni ga kowane mutum, ka jera su daga mai 0.95 zuwa ƙasa. Mai 0.95 da mai 0.40 ba kulawa ɗaya suke bukata ba. Wanda kuma ya yi nisa da duk cibiyoyin uku, ka ware shi ka duba: ko kuskuren shigar da bayani ne, ko wani irin kwastoma ne da rukunoninka ba su san da shi ba, kamar ɗan kasuwa mai sarin kaya da ya shige cikin masu sayen ɗai-ɗai. Kwamfuta dole ta ba shi rukuni ko bai dace da ko ɗaya ba.

Idan lakabin zai shafi wanda za a ba bashi ko a hana, ka san dokar inda kake aiki. A Amurka, misali, dokar 1974 da gyaran da aka yi mata a 1976 sun hana a yi la'akari da jinsi, launin fata, addini ko aure wajen ba da rance. Cire siffar daga lissafi ba kullum yake wadatarwa ba, domin wata siffar, kamar unguwar da mutum yake zaune, tana iya ɗauko ta ta bayan gida.

Mataki na tara: gwada shi a kan waɗanda bai taɓa gani ba

Idan ka bar kwamfuta ta zaɓo maka siffofi ɗaya bayan ɗaya daga cikin guda talatin, ko gwajin cire mutum ɗaya na SPSS zai yi maka daɗin baki, tun da an riga an zaɓi siffofin da duka mutanen. Maganinsa ka ware kashi 30 ko makamancin haka tun farko, kada ka taɓa su sai an gama komai. Ka kuma gwada rigireshan na lojistik, wata dabarar hasashen rukuni, a kan bayanan nan, musamman idan siffofinka da yawa na e ko a'a ne, domin shi bai damu da zaton da gwajin Box ke dubawa ba. Idan su biyun sun ba da kasafi kusan ɗaya, hankalinka ya kwanta.

Sabon kwastoma kuma ba sai ka sake nazarin ba. Akwai teburin lissafin kasafi na Fisher, shafi ɗaya ga kowane rukuni: ka ninka siffofin mutumin da lambobin shafin, ka tara da lambar dindindin da ke ƙasa, ka yi haka sau uku, rukunin da ya fi maki shi ne nasa. Excel ma tana iya wannan. Ka rubuta hasashen kwastomomin wannan wata ka ajiye da kwanan wata, bayan wata shida ka buɗe ka sake zana teburin kasafi da abin da suka zama. Idan kamfanin ya canza farashi ko ya buɗe sabuwar hanyar shigar da koke a tsakani, ka fara duba sikeli na biyu, shi zai riga lalacewa.